Karen da Aka Tsinta: Wurinsa Bakin Ƙofa

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, Mai ciyar da tsuntsu a sheƙarsa da tururuwa a raminta, wanda babu wani mai rai da ke wajen jin ƙanSa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (SAW), wanda aka aiko domin rahama, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi sawunsu har zuwa ranar sakamako. Allah Ya ƙara yarda ga Shehu Ahmadu Tijani da halifofinsa da sauran waliyyan Allah baki ɗaya.

Bayan haka, duk wanda ya zauna a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ko Yamai ya san halin da karnukan da ba su da masu su ke shiga idan bazara ta kankama. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, tabkuna sun ƙafe, kududdufai sun bushe, sai a ga karnuka na zagaya mahauta da tasha da juji, wasu na lasar danshin da ke ƙarƙashin famfon unguwa, yara na bin su da jifa.

A irin wannan lokaci ne muridi zai dawo daga sallar asuba, carbinsa a hannu, ya tarar da kare kwance a gindin katangar gidansa, haƙarƙari a waje, kunnuwa cike da kaska, ko ƙarfin gudu ba shi da shi. Ko kuma ɗan kwikwiyo ne da mota ta take uwarsa a bakin titi, ya kwana yana kuka. Nan take zuciyar muridin za ta rabu biyu. Tausayi zai ce masa ya kawo ruwa. Karatun da ya yi tun yana yaro zai tuna masa cewa mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare, kuma mai ajiye kare ladarsa na raguwa kullum. Uwargida za ta ji tsoro saboda yara, maƙwabta za su ce Malam ya koma kiwon kare. Mafi yawan mutane sukan kashe wannan muhawara da dutse ɗaya, su shige gida.

Shari'a ba ta bar muridi cikin wannan ruɗani ba. A cikin Suratul Kahfi, wadda Musulmi ke karantawa kowace Juma'a, Allah Ya ambaci karen Ma'abota Kogo har sau 4, sau ɗaya a aya ta 18, sau uku a aya ta 22, kuma Ya faɗi inda ya kwanta: a bakin ƙofar kogon, ya miƙe ƙafafunsa na gaba. Ibnu Kasir ya yi bayani a tafsirinsa cewa karen ya tsaya daga waje ne domin mala'iku ba sa shiga inda kare yake, amma duk da haka albarkar samarin ta game shi, barcin da ya same su ya same shi. Samarin ba su kore shi ba, ba su kuma kwantar da shi a tsakaninsu ba. Wannan bakin ƙofa shi ne ma'aunin da muridi zai riƙe game da karen da ya tsinta.

Mutumin da ya sauka rijiya

Imamu Malik a cikin Muwaɗɗa, da Buhari da Muslim, sun ruwaito daga Abu Huraira (RTA) labarin da Manzon Allah (SAW) ya ba sahabbai na wani matafiyi da ƙishirwa ta tsananta gare shi a hanya. Ya sami rijiya, ya sauka ciki ya sha. Da ya fito sai ya ga kare yana haki, yana cin danshin ƙasa saboda ƙishirwa. Mutumin ya ce a ransa, abin da ya same shi ɗazu shi ne ya sami wannan kare. Ya sake komawa cikin rijiyar, ya cika huffinsa da ruwa, ya riƙe shi da baki, ya hauro, ya shayar da karen. Allah Ya gode masa, Ya gafarta masa. Sahabbai suka tambaya ko har a cikin dabbobi ma akwai lada. Manzon Allah (SAW) ya sanar da su cewa duk abin da ke da hanta mai danshi, wato duk mai rai, akwai lada cikin kyautata masa.

Mutanen Damargu da Adar, waɗanda suka san rijiyar da sai raƙumi ko sa ke jan gugarta saboda zurfi, sun fi kowa gane nauyin wannan aiki. Mutumin ya riga ya sha, ya riga ya fito, buƙatarsa ta biya. Babu guga, babu igiya, babu wanda ke kallonsa. Ya sake jefa kansa cikin haɗarin sauka da hawa, takalmi a tsakanin haƙoransa, domin karen da ba nasa ba, wanda ba zai yi masa gadi ba, ba zai kamo masa zomo ba, watakila ma ba zai ƙara ganinsa ba. Ruwayar ba ta faɗi sunansa ba, ba ta ambaci yawan sallarsa ko azuminsa ba. Abin da ta ajiye shi ne tunanin da ya yi: ya ga ƙishirwarsa a jikin wata halitta. Arifai sun ce a nan ne ƙofar take, domin bawa ba ya jin ƙan halitta da gaske sai ya san cewa shi da ita mabuƙata ne a ƙofar Mawadaci ɗaya.

Buhari da Muslim sun kawo wani labarin makamancin wannan, na wata karuwa daga Bani Isra'ila da ta ga kare yana zagaya rijiya, ƙishirwa ta kusa kashe shi. Ta cire takalminta, ta ɗaure shi da mayafinta, ta jawo masa ruwa, aka gafarta mata saboda haka. Sun kuma kawo labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa: ta tsare ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba har ta mutu. Wanda ya haɗa labaran nan biyu zai ji tsoron raina kowane aiki, zai kuma ji kunyar yanke wa kowane mai zunubi ƙauna daga rahamar Allah.

Waƙidi ya kawo a littafinsa na yaƙoƙi cewa a shekara ta 8 bayan hijira, lokacin da Manzon Allah (SAW) ya nufi Makka da rundunar mutum 10,000, ya ga wata karya a gefen hanya tana shayar da ƴaƴanta. Sai ya umarci wani sahabi, Ju'ailu ɗan Suraƙa (RTA), ya tsaya kusa da ita don kada wani daga cikin rundunar ya taɓa ta ko ƴaƴanta. Ranar buɗe Makka ce ke gabansa, amma hakan bai shagaltar da shi daga karya mai jego ba. Muridin da ke yi masa salati safe da yamma, ya dace a ga wani abu na wannan hali a ƙofar gidansa.

Abin da mazhabar Malikiyya ta ce

Da yawa daga cikin ƙyamar da ake yi wa kare ta samo asali ne daga zaton cewa jikinsa najasa ne, wanda ya taɓa shi sai ya yi wanka ko ya sake tufafi. Littattafan da ake karantawa a zaurukan malaman Nijar ba haka suka ce ba. A mazhabar Imamu Malik, kamar yadda Muhtasar na Shehu Halil da masu sharhinsa suka bayyana, duk mai rai tsarkakakke ne, haka guminsa da yawunsa da hawayensa, kuma kare na cikin wannan hukunci. Fitsarinsa da kashinsa su ne najasa. An ruwaito hujjar Imamu Malik cewa Allah Ya halatta cin abin da karen farauta horarre ya kamo, kamar yadda ya zo a aya ta 4 ta Suratul Ma'ida, alhali da bakinsa ya kamo shi. Buhari kuma ya kawo daga Abdullahi ɗan Umar (RTA) cewa karnuka sukan shiga su fita a masallaci a zamanin Manzon Allah (SAW), ba a kuma yayyafa ruwa saboda haka.

Hadisin wanke ƙwarya sau 7 idan kare ya sa baki ya sha a cikinta ingantacce ne, Malikawa na aiki da shi. A wurinsu ana zubar da ruwan, a wanke mazubin sau 7 a matsayin bauta da bin umarni, ba domin mazubin ya zama najasa ba. Shafi'awa sun tafi a kan cewa najasa ce mai kauri, kuma ɗaya daga cikin wankin sai da ƙasa. Saɓani ne na malamai, kowa da hujjarsa. Abin da ya shafi muridi a nan shi ne, idan ya ɗauki ɗan kwikwiyo da hannunsa ya kai shi inuwa, alwalarsa na nan, rigarsa na nan da tsarkinta, zai iya zama wazifa da ita matuƙar fitsari ko kashi ko jini bai same ta ba. Malaman mazhaba sun ma ambata a babin taimama cewa wanda ke da ruwan alwala kaɗai, ya kuma ji tsoron halakar dabba mai alfarma da ke tare da shi saboda ƙishirwa, har da karen da aka yi izinin ajiyewa, sai ya ba ta ruwan ya yi taimama.

Ajiye kare kuwa yana da iyaka, kuma ba a wasa da ita. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa wanda ya ajiye kare ba domin farauta ko tsaron dabbobi ko tsaron gona ba, ana rage masa ƙiraɗi ɗaya na ladarsa kowace rana, a wata ruwaya ƙiraɗi biyu. Saboda haka Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan hijira, ta hana ajiye kare a cikin gidaje, ta keɓe na noma da na kiwo da na farautar neman abinci. Makiyayan Azawak da siraran karnukansu masu dogayen ƙafafu, da Fulanin da kare ke bin garkensu, da manomin da ke tsaron garkarsa ta rani, duk suna cikin wannan izini.

Game da tsaron gida a birni, masu sharhin Risala sun kawo cewa katangar gidan Ibnu Abi Zaidin da kansa ta faɗi a wani zamani na tsoro, sai ya ajiye kare. Da aka tuna masa cewa Imamu Malik ya ƙi hakan, sai ya amsa cewa da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Imamun Nawawi ma ya rinjayar da halaccin ajiye kare domin tsaron gida, bisa ƙiyasi a kan buƙatun nan uku. Wanda gidansa ke bakin gari, ko yake da tumaki da awaki a tsakar gida, ko shago da rumbu da yake tsoron ɓarayi a kansu, yana da hanyar da malamai suka share masa.

Sai maganar mala'iku. Hadisin ya inganta, har Muslim ya ruwaito cewa Mala'ika Jibrilu (AS) ya jinkirta zuwa wurin Manzon Allah (SAW) saboda ɗan kwikwiyo da ke ƙarƙashin gado. Malamai sun ce mala'ikun rahama da albarka ake nufi, ban da masu rubuta ayyuka, waɗanda ba sa rabuwa da mutum. Haɗɗabi ya ce karen da aka hana ajiyewa ne ke kore su, Nawawi ya ce kowane kare ne. Muridi mai tsantseni ya ɗauki abin da ya fitar da shi daga saɓani: kada kare ya shiga ɗakin kwana, ko ɗakin da ake salla da lazimi da karatun Alƙur'ani, ko zauren da ake shimfiɗa farin ƙyalle don wazifa. Wurinsa garke ne, ko gona, ko bayan katanga, ko rumfa a bakin ƙofa.

Kwana 40 na Shehu Rufa'i

Magabatan Sufaye sun aikata wannan da hannuwansu. Littattafan tarihin waliyyai sun kawo labarin Shehu Ahmadu Rufa'i, wanda ya rasu a shekara ta 578 bayan hijira a ƙauyen Ummu Abida da ke kudancin Iraƙi. Wani kare ya kamu da mummunar ƙazuwa, mutanen gari suka ƙyamace shi, suka fitar da shi nesa da gari. Shehu ya bi shi har daji. Ya kafa masa rumfa, yana shafa masa mai, yana goge masa ƙurajen da tsumma, yana kai masa abinci da ruwa. An ce ya yi kwana 40 a haka. Da karen ya warke, ya ɗumama ruwa ya wanke shi. Da aka yi mamakin irin wannan ɗawainiya a kan kare, sai ya bayyana cewa yana tsoron Allah Ya tambaye shi ranar alƙiyama ina tausayinsa ga wannan halitta, kuma me ya amintar da shi daga a jarrabe shi da abin da aka jarrabe ta da shi.

A lura da yadda Shehu ya yi. Bai tilasta wa mutanen gari zama da kare mai cuta ba, bai kai shi cikin zawiyarsa ba, bai kuma zage su don sun ji tsoro ba. Ya ɗauki wahalar a kansa, ya kai rahamar inda karen yake. Mutumin da dubban muridai ke taruwa a gabansa ya durƙusa yana goge ƙurajen kare, kuma darajarsa ba ta ragu da komai ba a wurin Allah ko a wurin mutane. Sama da shekara 800 bayan rasuwarsa ana ambaton wannan aiki cikin falalarsa.

Imamul Ƙushairi da Imamul Gazali sun kawo wata hikaya a babin kyauta da fifita wani a kan kai. Abdullahi ɗan Ja'afar (RTA), wanda ya shahara da kyauta, ya sauka a wata gonar dabino, ya ga wani bawa da ke aiki a cikinta an kawo masa abincinsa na yini, gurasa 3. Sai ga kare ya shigo. Bawan ya jefa masa ɗaya ya cinye, ya jefa masa ta biyu, ya jefa masa ta uku. Abdullahi ya tambaye shi dalili. Bawan ya ce yankin ba na karnuka ba ne, lalle wannan daga nesa ya zo da yunwa, shi kuwa ya ƙi ya mayar da shi haka, zai yini da yunwarsa. Abdullahi ya ce wannan bawa ya fi shi kyauta. Ya sayi gonar da bawan, ya ƴanta shi, ya ba shi gonar. Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Bawan ya ɗauki karen a matsayin baƙo, kuma bai san akwai mai kallonsa ba.

Ladubban ɗaukar tsintaccen kare

Mataki na farko ruwa ne, kuma wannan ba ya buƙatar fatawa. Shayar da kare mai ƙishirwa ba ajiye shi ba ne, babu ƙiraɗin da ke raguwa saboda kaskon ruwa da aka ajiye a gindin bishiya. A keɓe masa kaskonsa ko tsohon kwano, kada a haɗa da kwanukan gida. Ɗumamen da ya rage, da ƙanzo, da ƙashin da za a zubar a juji, sun ishe shi.

Na biyu, rahama ga kare ba ta halatta sakaci da ran ɗan Adam. Ciwon haukan kare gaskiya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar da ta kamu, tana shiga ta cizo ko yakushi ko lasar rauni, kuma da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tsira. Karen da yawu ke dalala daga bakinsa, yana cizon duk abin da ya gani, ko muryarsa ta sauya, ko ƙafafunsa na baya sun shanye, kada a kusance shi. A janye yara, a sanar da mai unguwa da ma'aikatan kiwon bisashe. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, sannan ya tafi likita a ranar don allurar rigakafi, ko da raunin ƙarami ne. Addu'a da tofi suna da wurinsu, amma Manzon Allah (SAW) ya umarci mai raƙuma ya ɗaure ta sannan ya dogara ga Allah. Shi ma karen da aka tsinta lafiyayye, a nisanta shi da yara tukuna, a kai shi wurin likitan bisashe ya duba shi, ya yi masa allurar haukan kare da maganin tsutsa da na kaska, a kuma maimaita allurar yadda likitan ya tsara.

Na uku, a yi cigiya. Kare mai igiya a wuya, ko wanda ya saba da mutane, mai yiwuwa na wani mafarauci ne ko makiyayi da ke nemansa. A faɗa wa mai unguwa, a tambaya a kasuwar bisashe. Riƙe abin wani ba tare da neman mai shi ba, ba ya cikin tsantseni.

Na huɗu, idan ba a sami mai shi ba, muridi ya dubi halinsa da gaskiya. In yana da garke ko gona ko gidan da ke buƙatar gadi, ya ajiye shi da wannan niyya. An ce tsintacciyar mage ba ta mage, amma kare ya saɓa wa wannan karin magana, domin wanda aka ceto daga yunwa yakan riƙe ƙofar da aka ba shi ruwa. In kuwa ba shi da wata buƙata, ya yi jinyarsa har ya miƙe, sannan ya nema masa manomi ko makiyayi ko mai gadi da zai amfana da shi. Ta haka ya sami ladar ceto, ya kuma tsira daga ragin lada.

Na biyar, wanda ya ajiye ya ɗauki amana. Ciyar da dabbar da mutum ya mallaka wajibi ne a kansa. Ɗaure kare da gajeriyar sarƙa cikin rana tun safe har yamma, ba ruwa ba inuwa, hanyar matar nan ce mai kyanwa. Sakinsa da dare ya tsorata masu zuwa masallaci ko ya ci kajin maƙwabta kuma zalunci ne ga maƙwabci. Manzon Allah (SAW) ya hana a mayar da mai rai abin auna jifa, ya hana haɗa dabbobi faɗa. Uban da ya ga ɗansa na jifan kare ya yi dariya, ya sani yana shuka ƙeƙashewar zuciya da zai girba a gidansa. Kare mai cizo da ya tabbata yana cutar da mutane, shari'a ta ba da izinin kashe shi, amma hadisin Shaddadu ɗan Ausu (RTA) ya wajabta kyautatawa ko a wurin kisa. Babu izinin ƙona shi, ko jan sa a ƙasa, ko taruwa a kansa da duwatsu ana shewa.

Karnukan da ke cikin ƙirji

Imamul Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan hijira, ya yi wata ishara a farkon Ihya'u game da hadisin mala'iku. Bai soke ma'anarsa ta zahiri ba, amma ya ce zuciya ma gida ce, ita ce masaukin mala'iku da hasken ilimi, kuma fushi da sha'awa da ƙulli da hassada da girman kai da jiji da kai karnuka ne masu haushi a cikinta. Muridi zai iya share gidansa tsaf, ya kori kowane kare daga unguwarsu, ya zauna wazifa cikin farar riga, alhali a ƙirjinsa akwai garken karnuka da ke yagar naman ƴan'uwansa na zawiya. Istigfari 100 da salati 100 da hailala 100 da yake yi safe da yamma an ba shi su ne domin ya fitar da waɗannan.

Ana ba da hikayar Abu Yazidal Bisɗami cewa ya haɗu da kare a wata ƙuntatacciyar hanya, sai ya tattare rigarsa. Allah Ya fahimtar da shi daga halin karen cewa abin da jikin kare zai shafa wa riga ruwa na wanke shi, amma wanda ya tattare rigarsa don ganin ya fi wata halitta, ruwan tekuna ba ya wanke wannan dauɗa. Kiyaye tsarki ibada ce. Raina halittar Allah da sunan tsarki kuwa cuta ce da ke buƙatar tarbiyyar shehi.

Shi ya sa malaman tarbiyya ke kawo halayen kare 10 da ake jingina wa Hasanul Basari, suna cewa ya kamata a same su ga mai neman Allah. Daga cikinsu akwai ƙarancin barcin dare, da yarda da wuri mafi ƙasƙanci, da rashin barin gado idan ya mutu, da cewa ba ya barin ƙofar ubangidansa ko ya kore shi, kuma idan aka doke shi sannan aka kira shi yakan dawo ba tare da riƙo ba. Muridin da ya daina zuwa zawiya saboda muƙaddami ya yi masa faɗa sau ɗaya, ko ya bar wuridinsa saboda ya roƙi Allah wata buƙata bai gani ba, yana da darasi kwance a ƙofar gidansa.

Imamul Ƙurɗubi ya ja hankali a tafsirinsa cewa idan kare ya sami ambato a cikin Littafin Allah saboda ya lazimci mutanen kirki, to ina ga mumini mai son waliyyai da salihai. Karen Ma'abota Kogo bai yi wa'azi ba, bai san abin da ya fitar da samarin daga garinsu ba. Ya bi su, ya kwanta inda ya dace da shi, aka raya ambatonsa tare da nasu. Kowane muridi, in ya yi wa kansa adalci, tsintacce ne: an same shi a hanya yana haki cikin ƙishirwar duniya, wani bawan Allah ya sauka rijiya dominsa, ya shayar da shi, ya ba shi wuri a bakin ƙofa. Wanda aka yi wa haka bai kamata hannunsa ya fara kaiwa ga dutse ba idan ya ga mai ƙishirwa a gindin katangarsa.

Allah Ya sanya rahama a zukatan ƴan'uwa, Ya tsarkake su daga hassada da girman kai, Ya ba su ikon tsayawa kan iyakokin shari'a da ladubban ɗariƙa. Allah Ya kare yara da manya daga cuta da annoba, Ya ba da damina mai albarka da za ta shayar da mutane da bisashe da duk mai hanta mai danshi. Allah Ya zaunar da Nijar da sauran ƙasashen Musulmi lafiya, Ya gafarta wa iyaye da malamai, albarkar Shugaban halitta (SAW). Allah ne Mafi sani.